Kadigan a Saudiyya: wacce za ki saya, kuma yaya za ki sa ta

Ranar da na haɗa akwatina zan taho Madina, atamfa da leshi na shaƙe shi da su, sai mayafai marasa nauyi, don duk wanda na tambaya a gida cewa yake Saudiyya zafi ne kawai. A watan Janairu na gane kurena. Na fita sallar asuba Masallacin Annabi (SAW), na cire takalmi na taka marmarar harabar, sanyin ya ratsa tafin ƙafata har tsakar kai. Wata tsohuwa 'yar Sakkwato da ke kusa da ni ta ga ina karkarwa, ta yafa min gefen bargonta ta ce, "'Yar nan, ba a faɗa miki ba ne?" To, ni yau zan faɗa miki, ƙanwata, tun kafin ki ji a jikinki.

Sanyin ƙasar nan ya danganta da garin da kika sauka. Jidda da Makka da sauƙi, sai ɗan iska da dare. Amma Madina da Riyad, daga Disamba zuwa Fabrairu, dare yakan sauka ƙasa da digiri 10. Ta'if da Abha a kan duwatsu suke, nasu ya fi. Can arewa wajen Tabuka kuwa har ƙanƙara ke sauka a kan dutsen Lauz. Za ki ji Larabawa suna ta ambaton Murabba'aniyya, kwana arba'in ne na muku-mukun sanyi da ke kamawa daga farkon Disamba. Ga kuma sanyi na biyu da ba ruwansa da hunturu, wato na AC. A asibiti, a manyan shaguna, a jirgin ƙasa na Haramain, ko a tsakiyar watan Yuli sai kin nemi abin rufa kafaɗa. Shi ya sa nake cewa kadigan, suwaitar nan mai buɗaɗɗen gaba, ta fi kowace rigar sanyi amfani a nan. Kin shiga wuri mai sanyi kin zura, kin fito rana kin cire kin naɗe a jaka, ba sai kin taɓa hijabinki ko ɗankwalinki ba, tunda ba ta kai ake saka ta ba.

Kafaɗa ce farkon abin dubawa. Ɗinkin da ya haɗa hannu da jikin riga ya zauna daidai kan ƙashin kafaɗarki. In ya zubo ƙasa sai ki zama kamar wadda ta ari kayan mijinta, in kuma ya haye sama zai matse miki hammata, musamman kan abaya. Ki gwada ta a kan irin kayan da za ki riƙa sa ta da su, ki ɓalla maɓallan duka ki miƙa hannuwa gaba. Idan tsakanin maɓallai ya buɗe baki, ta yi miki kaɗan, ko da kuwa mai shago ya rantse miki cewa za ta saki.

Sai hannu, kuma wannan ne mutane ke mantawa. Sau biyar za ki yi alwala a rana. Ki tura hannun rigar sama a nan cikin shagon ki gani ko yana wuce gwiwar hannu ba tare da kokawa ba, ki kuma gani ko yana komawa yadda yake. Na taɓa sayen wata mai kyau, ruwan toka, bakin hannunta matsattse. Kullum a wurin alwalar mata sai na tuɓe ta gaba ɗaya na rasa inda zan rataye, ga jama'a na jira a bayana. Sati biyu na yi da ita na bayar.

Tsawo kuwa ya danganta da jikinki da kuma abin da ke ƙasa. Mace mai gajarta, kadigan da ta tsaya a ƙugu ko ta ɗan sauka kaɗan ta fi yi mata kyau, ko kuma doguwa sosai mai launi ɗaya da abayar, don ido ya bi layi guda daga sama har ƙasa. Abin da ba na so shi ne wadda ta yanke a daidai inda jiki ya fi faɗi, tana ƙara wa mutum faɗi ne kawai. Mai jiki ta nemi saƙa mai laushi mara kauri, mai wuyan da ya sauko tsini, ta bar gaban a buɗe. Siririya ce ke iya ɗaukar saƙa mai kauri da manyan maɓallai. In a cikin abaya za ki sa ta, lallai ta zama mara kauri, in ba haka ba kafaɗunki za su tashi kamar an cusa tsumma.

Atamfarmu ta riga ta yi magana da yawa, kar ki ɗora mata suwaita mai zane. Ki dubi launukan da ke jikin zanin ki ɗauki guda ɗaya, wanda ya fi duhu, ki nemi kadigan irinsa. Baƙa, ruwan ƙasa, ruwan toka da shuɗi mai duhu suna shiga kusan komai. In kuɗin guda ɗaya kike da shi, cikin waɗannan za ki zaɓa.

Ki koyi kalmomi biyu kafin ki shiga kasuwa: "suf" shi ne ulu, "ƙuɗun" ita ce auduga. Ulu ya fi ɗumi, amma wani yana ƙaiƙayi, sai ki goga shi a wuyanki ki ji. Auduga ta isa sanyin AC da na Jidda. Mafi yawan masu araha na roba ne, akrilik, kuma a busasshiyar iskar Riyad suna manne wa hijabi suna tartsatsin lantarki, ga saurin yin gashi-gashi a hammata. A Riyad akwai kasuwar Baɗha, a Jidda akwai Balad, sannan shaguna irin su Max da Centrepoint suna rage kuɗi a ƙarshen Nuwamba da kuma lokacin da sanyi ya fara ja da baya. Mai son gwanjo ta leƙa Haraj bin Ƙasim a Riyad, ba abin kunya ba ne. Ko'ina kika saya ki karɓi "fatura", wato rasit, ki tambayi kwana nawa ake ba da damar canji.

Ki gaya wa maigida shi ma. Mazan nan da sanyi ya shigo sukan ajiye farar jallabiya su koma mai kauri, ruwan ƙasa ko toka, wasu su ɗora farwa, babbar rigar nan mai gashi a ciki. Kadigan mai duhu a kan jallabiya ko kaftani tana zama daram. Sai dai in zai yi Umra, da zarar ya ɗaura harami ba zai zura ta ba, sai dai ya yafa bargo a kafaɗa ba tare da rufe kai ba. Ke kuwa kina iya yin ɗawafinki da taki a jiki, safar hannu da niƙabi ne aka hana ki.

Wajen wanki, ruwan sanyi, kar ki murɗe ta, kar ki rataye ta a igiya tana jiƙe don nauyin ruwa zai ja ta ta yi tsawo. Ki shimfiɗa tawul a inuwa ki kwantar da ita a kai. Da busasshiyar iskar Madina, in kin shanya bayan la'asar, kafin kiran asuba ta bushe.