Darasi na 7: Mai Goyo da Shan Magani

A ce wata mai goyo ce haƙori ya hana ta barci kwana uku. Kuncinta ya kumbura, ko ruwa za ta kurɓa sai ta dafe fuska. Jaririnta wata biyu. Likitan haƙori ya duba, ya ce sai an cire. Ta yi jim, sannan ta ce, "Likita, ina da goyo fa. Allurar da za ka yi mini ba za ta ɓata nonon ba?"

Ya ce, "Baiwar Allah, kin kyauta da kika faɗa. Allurar nan dasashi kawai take kashewa. Kina fita daga nan ki ba shi ya sha abinsa."

Matar nan ta yi daidai da ta tambaya. Mata da yawa ba sa tambaya. Wata sai ta ɓoye maganin da aka ba ta, ta yi ta fama da ciwo don tsoron cutar da ɗanta. Wata kuma ta sha maganin, amma ta janye wa yaro nono. Duk su biyun ƙaunar yaro ce ta sa su, kuma duk su biyun sukan yi asarar da babu dalilinta.

Idan uwa ta sha magani, yakan shiga jininta, daga jinin kuma ake samun ruwan nono. Saboda haka ɗan abu kaɗan yakan ratsa ya isa bakin jariri. Masana suna auna wannan, su kwatanta da nauyin uwa da na yaro. Idan abin da ya isa wa yaro bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da uwa ta sha ba, galibi ana ganin ba matsala, kuma yawancin magunguna ba sa ko kusantar wannan adadi. Inda ake ƙara sa ido shi ne bakwaini da jaririn da bai wuce wata biyu ba, domin hantarsu da ƙodarsu ba su yi ƙwarin fitar da magani da sauri ba.

Farasitamol da ibufurofen mai goyo tana iya shan su yadda aka rubuta. Haka amoksisilin, ko da yake wani yaron kashinsa yakan ɗan yi ruwa na 'yan kwanaki. Mai ciwon suga ta ci gaba da allurar insulin, mai asma ta ci gaba da shaƙa abin shaƙarta. Mai farfaɗiya, ko hawan jini, ko tarin tibi, ko mai shan maganin ƙanjamau, kada ta kuskura ta daina da kanta. Idan akwai buƙatar canji, likita ne zai canza. Uwar da ta faɗi da yaro a hannu ta fi ɗigon magani a nono haɗari nesa ba kusa ba.

Akwai biyu da nake so ki riƙe sunansu da kyau: kodin da taramadol. Jikin wasu mata yakan juya su zuwa sinadari mai ƙarfi da sauri fiye da kima, kuma mace ba ta da hanyar sanin ko tana cikin irinsu. Sai yaro ya yi ta barci mai nauyi, numfashinsa ya ragu. A shekarar 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu shayarwa su guje su. Kodin yakan ɓuya cikin maganin tari na ruwa da wasu ƙwayoyin ciwon jiki, don haka a karanta kwali kafin a sha. Asfirin ma ba shi ne zaɓin mai goyo ba idan ciwon kai ne ko zazzaɓi. Maganin mura mai buɗe hanci da ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin suna iya rage ruwan nono, amma akwai wasu hanyoyin tazarar da ba sa taɓa shi. Maganin tsirrai kuwa, kasancewarsa ganye ko saiwa ba ya hana shi ratsa nono, kuma sau da yawa ba a san yawan abin da ke ciki ba.

Hoton ƙirji ko na ƙashi, da sikanin, ba sa barin komai a nono. Ko ruwan da ake sawa ta jijiya don hoto ya fito tar, abin da ke shiga nono bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Idan tiyata ce aka sa ki barci, da zarar kin farfaɗo sosai, hankalinki ya dawo, kina iya riƙe yaro, to kina iya shayar da shi. Sai dai a samu babba a kusa a daren farko, kada barci ya kwashe ki da yaro a ƙirji.

Wuraren da ake dakatar da nono da gaske kaɗan ne. Babba a cikinsu maganin ciwon daji, da wani aidin na musamman mai tururin nukiliya da ake ba wasu masu ciwon maƙoƙo. Idan dakatarwar ta 'yan kwanaki ce, ki riƙa tatsewa kina zubarwa a lokutan da yaro ya saba sha, don kada nonon ya cika ya yi miki ciwo ko ya ƙafe. Idan kin san ranar tun da wuri, ki tatsa ki ajiye a mazubi mai tsabta da murfi. Yakan yi awa 4 a ɗaki mara zafi, kwana 4 a firiji. Wahalar nan ta cancanta, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla wata 6, a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye.

Bayan kin fara kowane sabon magani, ki lura da yaron. Idan barcinsa ya yi yawa har tashinsa yana wuya, ko ya kama nono ya saki ba ƙarfi, ko jikinsa ya saki, ko numfashinsa ya canza, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, a tafi da kwalin maganin. Maigida, wannan aikinka ne kai ma, don uwa mara lafiya ba kullum take lura ba.

Aikin gida: ki rubuta wannan a takarda da hannunki, ki cike gurbin. "Ina shayarwa. Jaririna wata ____ ne. Wannan magani ya dace da mai goyo?" A ƙasa ki kwafe sunan duk maganin da kike sha, harafi bayan harafi, yadda yake a jikin kwali. Ki zo da takardar aji na gaba mu karanta tare, sannan ki naɗe ta ki sa cikin katin asibitin yaron.