Yadda Ake Haɗa Na'urorin Jirgin Ruwa da Tsarin NMEA 2000

A ƙananan jiragen ruwa na zamani, GPS da ma'aunin zurfin ruwa da na iska da allon direba duk suna musayar bayani ta kebul guda. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne NMEA 2000, wanda ƙungiyar masu kayan lantarkin jiragen ruwa ta Amurka ta tsara bisa fasahar CAN irin ta motoci, da gudun kilobit 250 a daƙiƙa.

Da farko a shimfiɗa uwar waya, wato babban kebul ɗin da duk na'urori za su jonu da shi, a bi da ita tsawon jirgi kusa da inda na'urori suke. Idan siririn kebul ne na Micro, kada ta wuce mita 100. Duk na'ura ana jona ta da mahaɗi mai siffar T da ɗan reshe. Reshe ɗaya ba ya wuce mita 6, jimillar rassa kuma mita 78, na'urori ba su haura 50 ba. Kada a fitar da reshe daga jikin reshe. Idan na'ura ta yi nisa, uwar wayar za a ja ta je wurinta.

Sai toshe bakuna biyu na uwar waya da taminato, wato ɗan matoshi mai hana saƙo dawowa baya, kowanne om 120 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki). Yawancin matsala daga nan take tasowa. In aka manta ɗaya, saƙo yakan doki ƙarshen waya ya dawo ya rikita na bayansa, sai ka ga zurfin ruwa yana bayyana yana ɓacewa a allo. Gwajin ba wuya: kashe wuta, ɗora mitar gwajin lantarki tsakanin farar waya da shuɗiya na cikin kebul ɗin. Om 60 na nufin komai daidai. In ka ga 120, ɗaya ya ɓace ko uwar waya ta tsinke a wani wuri. Kusan 40 kuwa, an saka uku. A lura, wasu ma'aunan iska na kan doguwar sanda suna zuwa da nasu taminato a ciki, to su ne ƙarshen layi, ba a ƙara musu wani.

Wayoyi biyar ne a cikin kebul ɗin: ja da baƙa na wuta, fara da shuɗiya na bayani, sai tsirarar waya mai kare su daga hayaniyar lantarki, wadda ake haɗawa da ƙasa a wuri ɗaya kacal.

Wuta volt 12 ce, ta bi ta fis na amfiya 3 da makunni, don in aka jona kai tsaye da batir, tsarin zai zuƙe shi ko jirgi na tsaye. Jirgin da ke aiki da volt 24 sai an sa masa abin rage wuta. Kowace na'ura tana ɗauke da lambar LEN, mai nuna yawan wutar da take ja, kuma LEN ɗaya miliamfiya 50 ne. A tattara lambobin, a shigar da wuta ta tsakiya yadda nauyi zai rabu kusan daidai hagu da dama. Faɗuwar wuta zuwa na'ura mafi nisa kada ta kai sama da volt 1.5, ƙasa da volt 9 na'urori kan fara mutuwa suna tashi. Babban allo da injin tuƙa jirgi da kansa, kowanne a ba shi tasa wutar daban.

Tsofaffin kaya na NMEA 0183 ba sa jin wannan yare, sai an sa musu tafinta, wato na'urar fassara saƙo, irin na kamfanin Actisense. Su kuma SeaTalkNG na Raymarine da SimNet na Simrad yarensu ɗaya da NMEA 2000, kawunan kebul ne suka bambanta, ɗan kebul na canji ya wadatar.

Bayan an kunna, a buɗe jerin na'urori a allo a ƙirga su. Wadda ba ta fito ba, a sauya mata T a gani kafin a zargi ita kanta. Idan GPS biyu ne, a zaɓa wa allo wanda zai saurara. Bakin T da ba a amfani da shi a rufe shi da murfi, domin ruwan gishiri na cin fil cikin 'yan watanni.