Yadda Za a Ciyar da Jariri Domin Rage Masa Haɗarin Alajin Abinci

A cikin yawun kusan kowane mutum akwai wani sinadarin garkuwar jiki da likitoci ke kira IgA, wanda aikinsa shi ne ya kama ƙwayoyin cuta da ɓurɓushin abinci tun a baki da hanji, ya hana su kutsawa cikin jiki. Jariri yana zuwa duniya da kaɗan ƙwarai daga cikinsa. Sai a makonnin farko nasa yake fara bayyana a yawu, sannan ya riƙa ƙaruwa a hankali cikin shekarun ƙuruciya. Akwai kuma wani sinadarin mai suna IgE, wanda shi ne ke tayar da borin jini da kumburi idan jiki ya ɗauki gyaɗa ko ƙwai a matsayin abokin gaba. Masu bincike a ƙasar Suwidin sun lura cewa yaran da IgA ya yi ƙaranci a yawunsu sun fi saurin nuna alamun alaji, wato irin wannan borin da jiki ke yi wa abin da ba ya cutarwa. Wannan ya sa yadda ake ciyar da yaro a shekararsa ta farko ya cancanci kulawa.

Aikin farko shi ne a sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, kuma kada a matse dakashi a zubar. Har yanzu a wasu gidaje na unguwannin Aboabo da Asawase a birnin Kumasi na ƙasar Gana ana samun tsofaffi masu ganin nonon farko, mai kauri da launin rawaya, ba shi da tsabta, alhali shi ya fi kowane nono yawan IgA. Garkuwa ce ta aro da uwa ke bai wa ɗanta kafin tasa ta yi ƙarfi. Daga nan a ci gaba da nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, ba koko, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Lafiya ta Gana suke shawarta, sannan a haɗa da abinci har shekara 2. Mai shayarwa ba ta da dalilin ƙaurace wa miyar gyaɗa ko kifi ko ƙwai da sunan kare yaro, sai idan likita ne ya umarce ta.

Nono yana kare yaro daga gudawa da ciwon huhu, amma shi kaɗai ba ya hana alajin gyaɗa, kuma a nan ne iyaye da yawa suke kuskure saboda tsoro. A da ana cewa a jinkirta gyaɗa sai yaro ya girma. Wani bincike da aka yi a Landan a kan jarirai 640 masu ƙaiƙayin fata mai tsanani ko alajin ƙwai, wanda aka wallafa a 2015, ya rushe wannan shawara: cikin waɗanda aka hana gyaɗa kusan kashi 17 cikin 100 sun kamu da alajinta a shekara 5, amma cikin waɗanda suka riƙa ci tun suna jarirai kusan kashi 3 ne kawai. A ganina, mu da gyaɗa ba ta yankewa a tukunyarmu muna da sa'a, muddin ba mu ari tsoron da masu shi suka riga suka ajiye ba.

Saboda haka, idan yaro ya cika wata 6, ya iya riƙe wuyansa yana zama da ɗan tallafi, a fara da kunu mai kauri na kwana biyu ko uku. Bayan haka a dama rabin ƙaramin cokali na niƙaƙƙiyar gyaɗa mai laushi a cikin kunun, a ba shi ɗan kaɗan a bakin cokali, a dakata kamar minti 10, idan ba a ga komai ba a ƙarasa masa. A yi wannan da safe, ranar da yaron yake da lafiya, domin a sa masa ido na sa'a 2. Kada a haɗa sabon abu biyu a rana ɗaya, don in wani abu ya faru a san mai laifi. Garin Tom Brown da ake saya a kasuwa sau da yawa yana ɗauke da gyaɗa da waken suya a haɗe, don haka ya fi kyau a gwada kowanne daban tukuna. Ƙwai a dafa shi sosai a murƙushe. Kifi a cire ƙaya. Abin da yaro ya karɓa lafiya a ci gaba da ba shi sau biyu ko uku a mako, domin ci akai-akai ne ke sa jiki ya saba. Gyaɗa guda-guda da ƙuli-ƙuli suna shaƙe yaro, gyaɗa mai fumfuna tana da guba mai illa ga hanta, zuma kuwa sai bayan shekara 1.

Batun tauna wa yaro abinci da tsotse masa robar baki yana buƙatar taka-tsantsan. Wani bincike na 2013 a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin ya ga ƙarancin ƙaiƙayin fata a yaran da iyayensu ke tsotse musu robar, amma lura ce kawai, ba hujjar cewa yawun ne ya kare su ba. Yawun babba yana iya kai wa yaro ƙwayoyin ruɓewar haƙori da cutar ƙurajen leɓe, har ma da ƙanjamau idan dasashin mai taunawa yana jini. Turmi da cokali sun wadatar.

Yaron da ke da ƙaiƙayin fata mai tsanani, ko wanda ƙwai ya taɓa tayar masa da bori, a sanar da ma'aikaciyar jinya ranar awo kafin a ba shi gyaɗa, domin a tura shi wurin likitan yara. Ana tabbatar da alaji ne ta tarihin abin da ya faru da gwajin fata ko na jini, ba ta gwajin yawu ba. Idan bayan cin abinci aka ga borin jini ko amai, a dakatar da abincin a je asibiti a ranar. Idan kuwa leɓe ko harshe ya kumbura, numfashi ya yi wuya, ko jikin yaron ya saki, kada a tsaya neman manja ko rubutu: a kira 112, lambar gaggawa ta Gana, ko a garzaya asibiti mafi kusa, ko sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi, domin allurar adirenalin ce maganin wannan hali.