Yadda ake kula da kazar da kashi ya danƙare wa a dubura

Mafi yawan masu kiwon kaji a gida, da zarar sun ga gindin kaza ya ɓaci sai su aiki yaro kemis ya sayo kafso, a fasa a ruwa, shi ke nan. Kwana biyu kaza ta ƙara lalacewa, a ce ai annoba ce. Kafin ki kashe ko sisi, ki ware ta daga sauran a keji ko cikin kwando, ki shimfiɗa mata kwali a ƙasa. Da safe kwalin ne zai gaya miki abin da ke damunta.

Kashi mai jini, musamman ga 'yan shila da damina, yawanci cutar hanji ce da ake kira kwaksidiyosis, kuma maganin amfuroliyam ake bayarwa. Kore shar mai ruwa, ga kaza tana haki ko wuyanta na murɗewa, yawanci wannan ciwon Niyukasil ne da ke share akurki a lokacin hunturu. Ba shi da magani, sai rigakafin Lasota ga waɗanda ba su kamu ba. In zafin Maris da Afrilu ne, kaza na shan ruwa da yawa, kashinta ya tsinke, lafiyarta ƙalau. Haka wani kashi mai ruwan ƙasa, mai kauri da wari da take yi jefi-jefi, na al'ada ne. Amma farin ruwa mai yauƙi da ke tsiyaya ba tsayawa, da wari mai tsami, dubura ta yi ja ta kumbura, sau da yawa ƙwayar fangas ce, wato dangin fumfuna. Nan ne kafso ke yin ɓarna, domin yana kashe ƙwayoyin hanji masu amfani, ita kuwa fangas ta samu fili.

Sai wanki, kuma a nan aka fi kwafsawa. Kashin da ya bushe a gashi yana zama kamar siminti. Kada ki ja shi, kada ki kankare da farce. Fatar wurin siririya ce, tana yagewa, kuma da sauran kaji sun ga ja za su yi ta tsattsagar wurin har su kashe ta. Ki zuba ruwan ɗumi a roba, wanda gwiwar hannunki za ta jure, ya kai mata cinya kawai. Ki riƙe fukafukanta a jikinta, ki zaunar da gindin cikin ruwan minti goma zuwa sha biyar. Da farko za ta yi ta fizga, daga baya ɗumin ya sa ta lafa. Sai ki murza da yatsu a hankali, dunƙulen na narkewa da kansa. Wanda ya ƙi, ki sa almakashi ki yanke gashin, nesa da fata. Omo ba ya zuwa kusa da wurin nan, haka kananzir da wasu ke shafawa wai don ƙuda. Sabulun wanka kaɗan ya isa, a ɗauraye sosai.

Tun tana hannunki ki buɗa gashin ki duba. Da damina ƙuda na yin ƙwai a wurin, kafin kwana ɗaya tsutsa ta fito. Ki taɓa ƙasan cikinta: in kin ji abu mai tauri kusa da dubura, tana tafiya a tsaye tana yunƙuri, ƙwai ne ya maƙale. In kuma jan nama ya leƙo waje, wannan aikin likitan dabbobi ne, ba na gida ba.

Ki goge ta da tsumma, ki ajiye ta a hantsi har gashin ya bushe ƙarau. Jiƙaƙƙiyar kaza a daren sanyin Kaduna ba ta kai safe da ƙarfinta. Bayan nan ki shafa man kaɗanya ko basilin don kada sabon kashi ya manne. Ni man kaɗanya nake so, ya fi arha kuma ba ya saurin gogewa.

Ki sansana dusarki. In ta yi gumi a buhu ko ta yi fumfuna, a zubar, duk tsadarta. Ragowar tuwon da ya yi tsami ma a daina watsa musu. A ba ta tsaki busasshe da ruwa mai tsabta, a wanke mazubin kullum. Cokali ɗaya na ruwan kal a lita huɗu na ruwan shanta yana taimakawa, amma a roba, ba a kwanon ƙarfe ba. In fangas ce, likita zai rubuta maganin nistatin. In tsutsar ciki ce, maganinta daban.

Ki maimaita wankin kullum har wurin ya daina jiƙa, ki kwashe shimfiɗar akurki ki sa busasshiya. In an ba ta magani, ki tambayi kwana nawa za a yi kafin a ci ƙwanta. Idan kwana uku sun wuce ba ta cin abinci, ko kaza ta biyu ta fara, ki kwashe ta da kwalin kashin ki kai asibitin dabbobi.