Yadda za ka gane faɗan ƙasashe na gaske ne ko cacar baki ce

In ka zauna teburin mai shayi a Samaru ko Tudun Wada da daddare ba ka rasa wanda zai ɗaga waya ya ce shi ke nan, yaƙin duniya na uku ya zo, wai don wata ƙasa ta kira jakadan wata. Malam kwantar da hankalinka, abin hawa-hawa ne, ga yadda ni dai nake auna shi.

Fara duba me aka yi wa jakada. In ma'aikatar harkokin waje ce ta kira shi ta faɗa mishi ɓacin ranta, jan kunne ne kawai, gobe ma yana ofis. In ƙasa ta ce nata jakadan ya dawo gida a tattauna, an ɗan hau sama, kamar yaji ne, biko na iya gyarawa. Kora kuma wani mataki ne, yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta ba kowace ƙasa damar cewa ba ta son ganin wane a ƙasarta ba tare da ta faɗi dalili ba, kuma kusan kullum sai ɗaya ɓangaren ya rama. Yanke hulɗa shi ne saki, shi ɗin ma ana barin ɗan aike, tun 1980 Suwizalan ce ke riƙe wa Amurka harkokinta a Iran.

Tambayi dattawa labarin Umaru Dikko, ministan sufuri na zamanin Shagari. A watan Yulin 1984 aka sace shi a Landan, aka yi mishi allurar barci aka sa shi a akwati za a kawo shi Legas, jami'an kwastan suka buɗe akwatin a filin jirgi na Stansted saboda ba a yi mishi shaidar kayan diflomasiyya yadda doka ta ce ba. Ingila ta kori jami'anmu biyu, gwamnatin Buhari ta kori na Ingila biyu, aka yi kusan shekara biyu ana ƴar tsama, ko harsashi ɗaya ba a harba ba.

Abin da ya fi muhimmanci a wajena ma ba jakada ba ne, duba me aka rufe. Boda, wuta, biza, jirgi, banki. Da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya ta kulle iyaka ta yanke wa Nijar lantarki, nan fa talaka ya ji a jikinshi, motoci suka yi layi a Jibiya da Illela kaya na lalacewa, mai dangi a Maraɗi ko Damagaram ziyara ta gagare shi, sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, lokacin kuwa Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar za su fice daga ƙungiyar. Wannan shi ne faɗan da ke shigowa har kasuwar Sabon Gari.

Sai maganar inda labarin ya fito. Odiyon WhatsApp dai a ajiye shi gefe don Allah. Nemi sanarwar ma'aikatar harkokin waje ta ƙasashen biyu, duba kwanan wata, don bidiyon shekara biyar ana dawo da shi a ce na jiya ne. Ka saurari gidan rediyo biyu ko uku, kuma ka tuna waye mai gidan, in Faransa na cikin rigimar kada ka tsaya a RFI kaɗai, haka TRT in maganar Turkiyya ce.

In kana da tafiya, ko yaro na karatu a waje, kafin ka biya ejan ko kwabo ka tabbatar ana ba da biza kuma jirgi na tashi. A 2022 Daular Larabawa ta dakatar da ba ƴan Nijeriya biza, ba a yanke hulɗa ba, ofishin jakadanci na nan a Abuja, amma ƴan kasuwan da ke saro kaya a Dubai sai a Yulin 2024 ƙofa ta buɗe musu.