Yadda ake saye da sayarwa a kasuwar hasashen wanda zai ci wasa

Toh, masu tambayata kan shafukan intanet na Polymarket da Kalshi, ga yadda abin yake. Kasuwa ce da mutane ke cinikin amsar tambaya ɗaya, misali "Arsenal za ta ci Chelsea yau?" Akwai hannun jarin Eh, akwai na A'a, kowanne kuɗinsa tsakanin senti 1 ne zuwa 99, wanda ya canka daidai kowane hannun jari ya koma dala 1, wanda ya faɗi kuma sifili. Kalshi kamfanin Amurka ne a ƙarƙashin CFTC, hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan kasuwanni a can, Polymarket kuma da kirifto take aiki, USDC ake zubawa, wato kuɗin kirifto mai darajar dala ɗaya. Ka fara duba ko ƙasarka na cikin waɗanda aka yarda su shiga.

Farashin nan shi ne komai. In ka ga Eh a senti 55, kasuwa na cewa damar Arsenal kashi 55 ce cikin 100. Tambayar da za ka yi wa kanka ba wai wa zai ci ba, tambayar ita ce shin 55 ɗin ta yi arha ko ta yi tsada. In kai ma lissafinka 55 ne toh ka mayar da wayarka aljihu, babu ciniki.

A ce ka sayi guda 20, dala 11 kenan. Arsenal ta ci, ka karɓi dala 20. Amma ba dole ka jira busan ƙarshe ba, in suka zura ƙwallo minti 15 farashin zai iya tashi ya kai 80, ka sayar a dala 16 ka kama gabanka, kuma haka in aka ba mai tsaron bayansu jan kati kana kallo zai gangaro 30 kafin ka gama salati. Saboda haka tun kafin a take wasa ka tsayar da inda za ka fita, sama da ƙasa.

Karanta ƙa'idar kasuwar wallahi, mutane ba sa karantawa. A ƙwallon ƙafa yawanci minti 90 da ɗan abin da alkalin wasa ya ƙara ake lissafawa, in aka tashi kunnen doki Eh ɗinka ya mutu ko da daga baya sun ci a bugun fenareti. Ka duba tazarar farashin masu saye da masu sayarwa ma, a ƙananan wasanni tana da faɗi, gara ka rubuta farashin da kake so ka jira.

Sai maganar gidan kallo. Hoton da kake gani a talabijin yana baya da daƙiƙoƙi, lokacin da aka ɓarke da ihu a benci wasu can sun riga sun kwashe farashin, kai ragowa za ka tarar.

Batun halacci kuwa, malamai da yawa caca suke kiran duk kuɗin da aka ɗora kan sakamakon wasa, a Kano ma Hisba ta sha rufe shagunan irin wannan. Ni dai ban ga ta inda kiransa "kasuwa" ya sauya siffarsa ba, ka tambayi malaminka kafin ka buɗe asusu.