Darasi na Tara: Duff Abrams da Ruwan Kwaɓin Kankare

A wurin gini, ranar zuba dakin, wato rufin kankare, kalmar da aka fi ji ita ce "a ƙara ruwa." Lebura ya fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa, domin ya fi sauƙin ɗiba da shebur, kuma da kansa yake malala tsakanin rodi. Sai dai wannan sauƙin, ƙarfin ginin ne yake biyan kuɗinsa. Wanda ya auna wannan magana, ya kuma sa mata lissafi, wani injiniya ne ɗan Amurka mai suna Duff Abrams.

An haifi Abrams a shekarar 1880 a jihar Illinois. Ya karanta aikin injiniya a jami'ar jihar, ya gama a 1905. Daga baya ya koma birnin Shikago, inda ya shugabanci wani ɗakin gwajin kayan gini a makarantar Lewis Institute, da tallafin ƙungiyar masu yin siminti ta ƙasar.

A wancan zamani magina suna auna siminti da yashi da tsakuwa: ɗaya, biyu, huɗu. Ruwa kuwa ba mai auna shi, kowa da idonsa. Idan gini ya tsage, sai a ɗora wa siminti laifi, ko a ce yashin ne ba kyau.

Abrams da ma'aikatansa suka riƙa kwaɓa kankare iri-iri. Wani su ƙara masa siminti, wani su sauya masa yashi, wani su cika masa ruwa. Kowane kwaɓi sai a zuba shi cikin ƙaramin mazubi, a bar shi ya yi kwanaki, sannan a sa shi a inji a yi ta danne shi har ya fashe, a rubuta nauyin da ya ɗauka. Sun yi gwaji kusan 50,000. A 1918 ya buga sakamakon. Abin da ya gano shi ne, muddin kwaɓin yana zubuwa kuma yana dannuwa, ƙarfin kankare ya dogara ne a kan yawan ruwa idan aka gwada shi da yawan siminti. Ruwa ya ƙaru, ƙarfi ya ragu. Wani Bafaranshe mai suna Feret ya riga shi hango kusan haka tun kafin 1900, amma bayanin Abrams ne magina suka iya ɗauka su yi aiki da shi, shi ya sa ake kiran ƙa'idar da sunansa.

Me ya sa haka? Siminti ba bushewa yake sa shi tauri ba. Haɗuwa yake yi da ruwa ya zama dutse, kuma ruwan da yake iya sha ƙayyadadde ne. Rarar da ta saura tana zama a cikin kankaren, ta bushe daga baya, ta bar ƙananan ramuka waɗanda ido ba ya gani. Ta nan damshi yake bi ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, kankare ya tsage.

Ga lissafin da ake yawan bi. Buhun siminti kilo 50 ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In ana son ruwa ya zama rabin nauyin siminti, buhu ɗaya zai sha lita 25, wato jarka guda. In yashin jiƙaƙƙe ne, kamar na damina, ya riga ya zo da nasa ruwan, sai a rage. Amma kada a ce tunda ruwa yana rage ƙarfi a bar kwaɓi ya bushe ƙamas. Irin wannan ba ya shiga lungu, kuma in aka cire katako sai a ga tsakuwa tsirara da ramuka.

Akwai wani awo mai sauƙi da har yau ake kiran mazubinsa da sunan Abrams. Mazubin ƙarfe ne mai kama da mazurarin da aka kifa: tsawonsa santimita 30, faɗin ƙasansa 20, bakinsa 10. A cika shi a zubi uku, kowane zubi a soke shi da sandar ƙarfe sau 25. A share bakin, a ɗaga mazubin a hankali, a auna yadda kwaɓin ya zauna. In ya ɗan rusuna yana tsaye, madalla. In ya baje kamar kunu, ruwa ya yi yawa.

Bayan an zuba kuma kankare ya kama, labari ya sauya. Nan ruwa aboki ne. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, musamman lokacin hunturu da bazara. Sai ya kwana 28 injiniyoyi suke auna ƙarfinsa.

Abrams ya shugabanci ƙungiyar masana kankare ta Amurka a 1930, ya rasu a 1965.

Aikin gida: Magini zai kwaɓa buhu 4 da busasshen yashi. Lita nawa ta ruwa zai auna? In an yi ruwan sama daren jiya, zai ƙara ne ko zai rage? Rubuta amsarka da dalilinka.